Yadda Sauya Ma'adana Ke Ƙara Wa Tsohuwar Kwamfuta Sauri Wajen Gyaran Hoto

Matasa da yawa da ke harkar hoto a yau a waya suka fara. Daga wasa da Snapseed ko Lightroom na waya, har ta kai mutum ya fara karɓar aikin biki, suna, ko hoton kayan da 'yan kasuwa ke tallatawa a Instagram. Da aiki ya fara yawa sai a nemi kwamfuta, kuma wadda aljihu ya fi iya ɗauka ita ce tsohuwar kwamfutar kan tebur ta gwanjo, irin su Dell OptiPlex ko HP EliteDesk da aka gama amfani da su a ofisoshin ƙasashen waje.

A nan ake shan mamaki. Kwamfutar ta fi wayar girma nesa ba kusa ba, amma sai ta ɗauki minti biyu ko uku kafin ta gama tashi. A danna Photoshop, a zauna jira. A matsa daga hoto zuwa hoto, sai allo ya yi dishi-dishi na ɗan lokaci kafin hoton ya fito sarai. Ga mai hotunan biki dubu ɗaya da amarya ke ta kira tana tambaya, wannan jiran asarar lokaci ce, kuma yakan kai ga rasa kwastoma.

Mafi yawan lokuta laifin yana wuyan abu guda, wato ma'adanar da ke cikin kwamfutar. Sauya ta shi ne gyara mafi arha da ake ganin tasirinsa nan take, matuƙar an san abin da za a saya da yadda za a tsara shi.

Ma'adana daban, RAM daban

Masu waya sun saba jin ana cewa waya 4/64 ce ko 8/256. Lamba ta farko RAM ce, ta biyu kuma ma'adana. Haka abin yake a kwamfuta. RAM kamar teburin tela take: duk yadin da yake aiki a kai yanzu yana shimfiɗe a kansa, hannu na kaiwa nan da nan. Ma'adana kuwa ita ce ɗakin ajiyar da ke bayan shago, inda sauran kaya suke. Da an kashe kwamfuta, duk abin da ke kan RAM ya tafi, na cikin ma'adana kuwa yana nan.

Idan yaron da ke ɗauko kaya daga ɗakin ajiya mai nawa ne, tela zai yi ta zaman jira komai ƙwarewarsa. Abin da ke faruwa ke nan da masarrafar kwamfuta, wadda ake kira furosesa, idan aka haɗa ta da ma'adana mai jinkiri. Core i5 na shekarar 2013 har yanzu yana iya gyaran hoto daidai gwargwado, amma rabin lokacinsa a jiran bayanai yake ƙarewa.

Dalilin da ya sa HDD ke jan ƙafa

Tsofaffin kwamfutoci da HDD suke zuwa. A cikinta akwai faya-fayai masu juyawa, yawanci sau 7,200 ko 5,400 a minti ɗaya, da wani siririn hannu da ke kaiwa da komowa a kansu yana karanta bayanai. Duk lokacin da aka nemi wani fayil, sai hannun ya matsa zuwa layin da fayil ɗin yake, sannan ya jira faifan ya juyo da daidai wurin. Wannan kan ci kimanin milisakan 12 zuwa 15. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa, don haka adadin kamar ba komai ba ne. Amma ma'anarsa ita ce HDD ba ta iya biyan fiye da buƙatu kamar 100 a daƙiƙa idan fayilolin a warwatse suke.

SSD ba ta da abin da ke juyawa. Bayanai na zaune ne a ƙwayoyin lantarki irin na filas, dangin waɗanda ke cikin wayar hannu. Isa ga kowane fayil kan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin goma na milisakan, kuma tana iya biyan dubun-dubatar buƙatu a daƙiƙa. Shi ya sa waya mai matsakaicin kuɗi ke buɗe manhaja nan take alhali babbar kwamfuta na fama: wayar ba ta taɓa sanin faifai mai juyawa ba.

Akwai ma'auni biyu na sauri da ya kamata a rarrabe. Na farko shi ne saurin kwafe babban fayil guda a jere. A nan HDD kan yi megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD mai amfani da SATA kuma ta kai kusan 550. Bambancin ninki uku ne zuwa biyar. Na biyu shi ne saurin tsinto ƙananan fayiloli daga wurare daban-daban, inda bambancin kan haura ninki ɗari. Kamfanoni sun fi rubuta lamba ta farko a jikin kwali, amma ta biyun ce mutum ke ji a jikinsa yayin aiki.

Inda gyaran hoto ke jiran ma'adana

Manhajar Lightroom Classic ba ta taɓa ainihin hoton da aka ɗauka. Duk gyaran da aka yi, da taurarin da aka ba hoto, da sunayen da aka liƙa masa, suna shiga wani kundi ne da ake kira katalog, fayil mai ƙarewa da .lrcat. Kusa da shi akwai folda mai ɗauke da dubban ƙananan kwafin hotuna da manhajar ke nunawa yayin da ake zaɓe. Kowane motsi a Lightroom karatu ne ko rubutu a waɗannan ƙananan fayiloli, wato daidai aikin da HDD ta fi rauni a kansa.

Photoshop kuma tana da nata salon. Idan hoto ya yi leya da yawa har RAM ta cika, sai ta fara zuba ragowar a ma'adana, a wurin da take kira Scratch Disk. Windows ma haka take yi idan RAM ta yi mata kaɗan. A kwamfuta mai RAM gigabayit 8 wannan yana faruwa kusan kullum. Idan wurin zubawar HDD ce, nan ne linzami ke sandarewa, burushi ya riƙa biyo hannu a makare.

Saboda haka ayyukan da SSD ke saukakawa a bayyane suke: tashin Windows, buɗe manhaja, zagayawa cikin katalog, buɗe manyan fayilolin PSD da adana su, da kuma aiki a lokacin da RAM ta cika.

Akwai kuma waɗanda ba ta taɓa su sosai. Fitar da hotuna 500 daga RAW zuwa JPEG aikin furosesa ne. Sababbin dabarun AI, irin su Denoise da Adobe ta saka a Lightroom a shekarar 2023, sun dogara ne da katin zane, wato GPU. Wanda ya sayi SSD don waɗannan zai ga canji kaɗan ne kawai.

Kwaso hotuna daga katin kyamara ma yana da nasa shingen. Hoton RAW na kyamara mai megafiksel 24 kan kai megabayit 25 zuwa 30, don haka hotuna 1,000 kusan gigabayit 30 ne. Na'urar karanta kati da aka soka a ramin USB 2.0 ba ta wuce megabayit 35 a daƙiƙa, wato aikin zai ci kusan minti 15 ko da SSD ce a ciki. A ramin USB 3.0, wanda yawanci cikinsa shuɗi ne, da kati mai gudun megabayit 90, ana gamawa cikin minti 6.

Gwajin minti biyar kafin a kashe kuɗi

Kafin a je kasuwa, kwamfutar da kanta za ta faɗi abin da ke damunta. A danna Ctrl, Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, a shiga shafin Performance. Daga nan a buɗe manhajar gyaran hoto a yi aiki kamar yadda aka saba, ana leƙa shafin.

Idan layin Disk ya tsaya a kashi 100 alhali CPU na ƙasa da rabi, ma'adana ce matsalar, kuma SSD za ta magance ta. Idan Memory ce ta haura kashi 90 sannan Disk ya biyo baya, ana buƙatar ƙarin RAM tare da SSD. Adobe ta sa gigabayit 8 a matsayin mafi ƙaranci ga Photoshop, ta kuma ba da shawarar 16. Idan kuwa CPU ne ke maƙale a kashi 100 yayin da Disk ke hutawa, sabuwar ma'adana ba za ta yi wani abin a-zo-a-gani ba.

A sababbin fitowar Windows 10 da kuma Windows 11, wannan shafi yana rubuta HDD ko SSD a ƙarƙashin kowace ma'adana. Yana da kyau a duba, domin wasu kwamfutocin gwanjo an riga an saka musu ƙaramar SSD.

Photoshop ma tana da ma'auni. A ƙasan allon hoto akwai ɗan kibiya da ke ba da zaɓin Efficiency. Muddin lambar na kan kashi 100, aiki a RAM yake gudana. Da ta sauka, manhajar ta fara jingina da ma'adana.

SATA ko NVMe?

Wannan ita ce tambayar da ta fi jawo asarar kuɗi. SSD iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai inci 2.5, kamar ƙaramar waya, da ke amfani da wayoyin SATA guda biyu irin waɗanda HDD ke amfani da su. Akwai kuma siririya mai siffar M.2, da ake sokawa kai tsaye a jikin madabod, wato babban allon da komai ke haɗe da shi. Lambar 2280 da ake gani a jikinta na nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80.

Yawancin masu siffar M.2 na yanzu da tsarin NVMe suke aiki, kuma suna kai megabayit 3,500 a daƙiƙa a kan PCIe 3.0, ko 7,000 a kan PCIe 4.0. Sai dai akwai M.2 da ke aiki da tsarin SATA, kuma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. A karanta abin da ke rubuce a jikinta, kada a dogara da siffa.

Kwamfutocin ofis na shekarun 2012 da 2013, irin su manyan OptiPlex 7010 da 9020, ba su da ramin NVMe. Ana iya saka ta ta hanyar wani kati da ake sokawa a ramin PCIe, kuma Windows 10 za ta gan ta a matsayin wurin ajiya. Matsalar ita ce BIOS na irin waɗannan kwamfutoci bai san yadda zai tayar da Windows daga NVMe ba. Wannan damar ta fara yaɗuwa ne daga wajen 2014 zuwa 2015. OptiPlex 7040, alal misali, tana da ramin M.2 da ke karɓar NVMe. Akwai masu yi wa BIOS kwaskwarima don tilasta shi, amma kuskure ɗaya na iya kashe madabod gaba ɗaya.

Ga tsohuwar kwamfuta, SATA mai inci 2.5 ita ce zaɓin da babu ciwon kai. Babban tsallen yana tsakanin HDD da kowace irin SSD ne. Tsakanin SATA da NVMe kuwa, mai gyaran hoto da wuya ya lura da bambanci, domin hoto mai megabayit 30 a ƙiftawar ido yake buɗewa a kan kowacce. Masu haɗa bidiyo mai nauyi su ne suka fi morar NVMe.

Ko da kwamfutar ta tsufa har ramukanta SATA II ne, wanda ke tsayawa a wajen megabayit 270, SSD za ta yi aiki a ciki, kuma saurin tsinto ƙananan fayiloli yana nan. A wasu madabod ramukan gauraye ne, wasu SATA III wasu SATA II. Yawanci wanda aka rubuta wa SATA0 ko SATA1 shi ne mai sauri, kuma littafin kwamfutar da ke shafin kamfanin zai tabbatar.

Girma, inganci da kayan jabu

Windows da Photoshop da Lightroom kaɗai na iya cinye gigabayit 60 zuwa 80, kafin a zo ga katalog. SSD mai 128 za ta cika cikin 'yan makonni, mai 256 kuma da ƙyar. Gigabayit 500 ne mafi ƙarancin da zai ba da sukuni, terabayit 1 kuma ya fi dacewa da mai aikin biki. Kada a tsorata idan Windows ta nuna 465 maimakon 500, ko 931 maimakon 1,000. Bambancin hanyar lissafi ne tsakanin kamfani da Windows.

Ya kamata a riƙa barin kashi 15 zuwa 20 na SSD babu komai. Tana amfani da wannan fili wajen jujjuya bayanai, kuma idan ta cika maƙil saurin rubutunta na raguwa.

Wajen inganci, abu biyu ake dubawa. Na farko nau'in ƙwayoyin: TLC ta fi QLC juriya, kuma ta fi riƙe sauri idan ana zuba manyan fayiloli a jere. Na biyu, ko tana da ƙaramar ma'adanar DRAM da ke riƙe taswirar inda kowane abu yake. Samsung 870 EVO da Crucial MX500 suna da ita. Masu arha irin su Kingston A400 ba su da ita. Duk da haka ko mai arhar ta fi HDD nesa, sai dai takan yi sanyi idan aiki ya yi nauyi.

Wasu na tsoron cewa SSD na ƙarewa da yawan rubutu. Gaskiya ne tana da iyaka, ana kuma rubuta ta da haruffan TBW. Samsung 870 EVO mai terabayit 1 tana da TBW 600. Wanda ke rubuta gigabayit 50 kullum sai ya shekara sama da 30 kafin ya kai wannan adadi.

Abin tsoro na gaske shi ne jabu. Akwai SSD da aka yi wa dabara ta nuna terabayit 1 ko 2 alhali ainihin cikinta bai taka kara ya karya ba. Tana karɓar hotuna lafiya lau, sai ranar da aka zo buɗewa a tarar sun lalace. Farashin da ya yi arha fiye da kima alama ce ta farko. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce, tana cika ma'adana da bayanai sannan ta karanta su don tabbatar da girman gaskiya. A yi wannan gwaji kafin a zuba aikin kowa a ciki, a kuma yi yarjejeniya da mai shago cewa za a dawo da ita idan ta faɗi. Idan ta hannu ce, CrystalDiskInfo na nuna awannin da ta yi tana aiki, yawan abin da aka rubuta mata, da kashin lafiyar da ya rage.

Yadda ake saka ta

Matakin farko shi ne kwafe duk hotuna da katalog zuwa wata ma'adana ta waje. Yawancin asarar da ake yi a wannan aiki daga zaɓar faifan da ba shi ba ne wajen gogewa. Idan an kunna BitLocker, a nemo lambar buɗe shi a rubuta a takarda.

A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don sauran wutar ta fita. Kafin a taɓa komai a ciki, a dafa ƙarfen akwatin. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe kuma jiki ke tara lantarkin da kan ba da ɗan tartsatsi. Tunda an buɗe, a kaɗe ƙurar da ta taru a fanka, domin furosesa na rage gudu da kansa idan ya yi zafi.

SSD na buƙatar waya biyu: siririyar wayar bayanai da ke zuwa madabod, da faffaɗar wayar wuta. Yawanci ba ta zuwa da wayar bayanai a kwali, don haka a saya tare. A ƙananan akwatuna wayar wutar kan yi ƙaranci, sai a nemi mai raba ɗaya zuwa biyu. Akwai kuma ɗan faranti da ke zaunar da mai inci 2.5 a gurbin mai inci 3.5. Tunda ba ta da abin da ke motsi, kowane gefe aka kwantar da ita daidai ne, in dai ba ta lilo a kan fanka.

Daga nan hanya biyu ce. Ta farko, a ɗora sabuwar Windows. Ana haɗa filas mai gigabayit 8 da manhajar Media Creation Tool ta Microsoft, a cire wayar tsohuwar HDD na ɗan lokaci, sannan a ɗora a kan SSD. Cire tsohuwar na hana kuskuren gogewa, yana kuma hana Windows ajiye fayilolin tashinta a can. Lasisin Windows 10 da 11 yawanci da madabod yake ɗaure, saboda haka yana dawowa da kansa idan an hau intanet. Wannan hanya ta fi tsafta ga kwamfutar gwanjo da ba a san abin da aka tara mata ba.

Ta biyu ita ce kwafe tsohuwar gaba ɗaya zuwa sabuwa, da Windows da manhajoji da komai. Samsung na da manhajarta ta yin haka, Clonezilla kuma kyauta ce ga kowace iri. Sharaɗin shi ne abin da ke cikin tsohuwar ya iya shiga sabuwar, don haka sai an fara kwashe hotuna gefe. Clonezilla takan yi gardama idan sabuwar ta fi tsohuwar ƙanƙanta, sai an rage girman ɓangaren Windows tukuna.

A shiga BIOS, da F2 a Dell ko F10 a HP, a sa SSD ta zama farkon abin da kwamfuta ke tashi da shi. A duba kuma cewa tsarin SATA yana kan AHCI. Idan sabuwar Windows za a ɗora, a sauya shi kafin a fara. Sauya shi a kan Windows da aka riga aka ɗora kan jawo shuɗin allo ta ƙi tashi.

Kada a goge tsohuwar HDD sai an yi mako guda ana aiki da sabuwar ba tare da matsala ba.

Tsarin da ke fitar da saurin

Wasu kan saka SSD amma su bar katalog a tsohuwar HDD, sannan su ce ba su ga canji ba. Rabon da ya fi dacewa shi ne: Windows, manhajoji, katalog da foldar ƙananan hotunansa, da aikin da ake kai yanzu, duk a kan SSD. Ayyukan da aka gama aka miƙa wa masu su kuma su koma HDD, wadda har yanzu ita ce mafi arha wajen tara kaya masu yawa.

Don matsar da katalog, a rufe Lightroom, a kwafe foldar da ke ɗauke da fayil ɗin .lrcat gaba ɗayanta zuwa SSD, sannan a danna shi sau biyu daga sabon wurin. A cikin Preferences, ƙarƙashin Performance, a mayar da Camera Raw Cache kan SSD, a ɗaga girmansa daga gigabayit 5 zuwa 20 ko fiye. A Photoshop kuma a shiga Preferences, a zaɓi Scratch Disks, a sa SSD a sama.

Idan za a mayar da hotunan da aka gama zuwa HDD, a ja foldar daga cikin Lightroom. Idan aka yi daga waje, manhajar za ta rasa inda suke, ta sa musu alamar tambaya. Haka ma ke faruwa idan harafin faifai ya canja, misali daga C zuwa D bayan sauyin. Hotunan na nan, sai a danna dama a kan foldar a zaɓi Find Missing Folder a nuna mata sabon wurin.

Ba a yi wa SSD tsohon difirag da aka saba yi wa HDD. Tun daga Windows 7 akwai tsarin TRIM da ke share mata guraben da aka goge, kuma Windows 10 da 11 na gudanar da shi da kansu. Masu amfani da GIMP, darktable ko RawTherapee su ma wannan rabon ne ya dace da su.

Wuta da kwafin ajiya

HDD kan yi gargaɗi kafin ta mutu: ƙara, jinkiri, fayil ya ƙi buɗewa. SSD na iya ɗaukewa lokaci guda babu sallama. Haka kuma, saboda TRIM, fayil ɗin da aka goge bisa kuskure a SSD da wuya a dawo da shi, saɓanin HDD da manhajojin ceto kan yi nasara a kanta.

Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya lalata katalog, wani lokacin ma ta rikita SSD ɗin kanta. Kwamfutar kan tebur ba ta da batir kamar laftof, don haka a wuraren da wuta ke kai da kawo ko ake sauyawa zuwa janareta, ƙaramin UPS wajibi ne. Ko minti biyar ya bayar sun isa a adana aiki a kashe lafiya.

Ƙa'idar da masu ɗaukar hoto suka daɗe suna bi ita ce 3-2-1: kwafi uku na kowane aiki, a kan nau'in ma'adana biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. A aikace, ɗaya a SSD, ɗaya a HDD, ɗaya kuma a faifan waje da ke gida ko a Google Drive. Kada a goge katin kyamara sai hotunan sun zauna a wuri biyu. Ana iya sayen sabuwar kwamfuta, amma ba a maimaita ɗaurin aure don an rasa hotuna.

Yaushe ne bai cancanci a kashe kuɗin ba?

Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance na neman TPM 2.0 da furosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama. Kwamfutar da ta gaza haka za ta ci gaba da aiki, amma sannu a hankali sababbin manhajoji za su bar ta a baya. Mai Core 2 Duo da RAM gigabayit 4 gara ya tara kuɗinsa ya sayi wata, domin sababbin Photoshop da Lightroom sun fi ƙarfinta.

Ga mai Core i5 ko i7 daga ƙarni na 3 zuwa sama kuwa, SSD mai gigabayit 500 ko terabayit 1 tare da RAM gigabayit 16 na iya ƙara wa kwamfutarsa shekaru tana kawo kuɗi. Kuma kuɗin SSD ba ya tafiya a banza: ranar da aka samu halin sayen sabuwar kwamfuta, noti biyu ko huɗu za a kwance a ɗauke ta a mayar can, ko a saka ta a ƙaramin akwatin USB ta zama ma'adanar tafi-da-gidanka.